Ramuwar Azumin da Ba Ta Sha Ba

Shekaru sun fara ja, mantuwa ta fara zuwar mini. Wani lokaci sai in ajiye ludayi in yi ta nemansa alhali yana hannuna. Amma akwai wata ranar Talata a cikin watan Sha'aban da ba za ta taɓa gogewa a zuciyata ba, ko da zan manta sunana. Ita ce ranar da na kusa kashe matar ƙanena, ban kuwa taɓa ta ko da ɗan yatsa ba. Da baki kawai na yi aikin.

Ni mutumiyar Fassi ce ta ƙasar Kibiya. Bayan rasuwar maigidana na dawo gidanmu da zama, na kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A gidan akwai Inna mahaifiyarmu, da ƙannena maza biyu da matansu, sai ni. Duk unguwa an san ni da abu biyu, aiki da baki. Ba na musun ko ɗaya. Har gobe in na ga mutum zaune da hantsi ya miƙe ƙafa, sai raina ya ɓaci. Zan iya haƙuri da maƙaryaci, zan iya haƙuri da marowaci, amma rago ba ma shan inuwa ɗaya.

Ni na zaɓo wa ƙaramin ƙanena mata. A wani gidan biki na gan ta a Nariya, ana dakan geron fura. Mata uku suka kama turmi da ita ɗaya bayan ɗaya, duk suka gaji suka koma gefe, ita kuwa tana nan tana cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, tana dariya. Na dawo gida na ce wa Inna na samo mana mace. Da aka kawo ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce 'yar Nariya, ita kuma ta ce Yaya. Shekara biyu muna matsar tunkuza tare, in na ce mu huta sai ta ce mu ƙarasa wannan kwanon tukuna. Ina alfahari da ita a gaban kowa, don ina ganin idona ne ya iya zaɓe.

A ƙarshen wata damina ta haihu, a ɗaki, a hannun ungozoma, kamar yadda dukanmu muka haihu. Yarinya ta faɗo lafiya da hantsi, amma mabiyiya ta ƙi fitowa da wuri, jini kuma ya ɓalle. Mun yi ta canja tsummoki har suka ƙare muka koma yaga zannuwa. Hanya duk taɓo, kafin a samo mota la'asar ta yi, ita kuwa ta yi fari fat ba ta gane kowa. A asibiti aka yi mata ƙarin jini, ta yi mako guda aka sallamo ta. Muka yi ta godiya ga Allah, muka yi suna, muka ɗauka magana ta ƙare.

Abu na farko da muka lura shi ne nono bai zo ba. An dama kunun kanwa, an ba ta fura da nono har ta gaji, an yi romo, an kawo jiƙe-jiƙe kala-kala daga wurin tsofaffi, ko ɗigo. Allah ya taimaka matar babban ƙanena tana goyo a lokacin, ita ta riƙa shayar da jaririyar. Ni kuma na ɗauki goyonta da wankanta, ta koma kwana a ɗakina. Na ce zan riƙe ta zuwa uwar ta yi arba'in ta dawo da ƙarfinta.

Arba'in ya zo ya wuce, aka daina wankan jego, ƙarfi bai dawo ba. Wata shida, shekara, shiru. Matar da ke gajiyar da mata uku a turmi ta koma in ta ɗauko bokiti daga rijiya sai ta zauna sau biyu a hanya. Maganarta ta yi sanyi, sai ka yi mata tambaya ta daɗe tana kallonka kafin amsa ta fito. Fatarta ta bushe ta yi fari, gashin girarta ya zube, na kai ma kitso ya daina kamawa. Ga jin sanyi. Ana tsakiyar bazara, mu muna neman inuwa muna fifita, ita tana jikin katanga a lulluɓe da mayafi tana shan rana. Na sa mata suna ƙadangaruwa, yara suka ɗauka, aka yi ta dariya.

Ba za a ce ba a nema mata magani ba. An sayo na ƙarin jini a kemis, an yi na shawara, an yi na taifot, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Amma mu a wurinmu ciwo sai yana da wurin zama: ko kai, ko ciki, ko ƙafa, ko zazzaɓin da za ka taɓa ka ji. Ita ba ta tari, ba ta kumbura ba, ba ta taɓa nuna wuri ta ce nan ke yi mata ciwo ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Kasala ce kawai, Yaya." To, ni kuma a iya sanina kasala ba ciwo ba ce, hali ne. Sai na yanke hukunci cewa yarinyar nan ta ɗanɗani zaman jego ta ji daɗinsa, an yi mata girki an yi mata raino, ta ce ba ta ga ranar tashi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na kawo ta. Duk wanda ya ce wani abu a kanta, sai in ji kamar ni ya zaga.

Ƙanena mijinta mutum ne mai sanyin hali. Da damina yana gona, da rani ya tafi ci-rani kudu. Duk zuwansa gida sai na zaunar da shi na karanta masa laifuffukan matarsa, tun yana cewa a ƙara haƙuri har ya daina cewa komai. A shekara ta uku na ci galaba a kansa. Muka tsayar da magana cewa in ya dawo gab da azumi, za a mai da ita Nariya ta je ta huta. Kowa ya san ma'anar irin wannan hutun. Yarinya kuwa za ta zauna a wurina, tunda an daɗe da yaye ta kuma nan ne gidan ubanta.

Magana ba ta ɓuya a gidan yawa, ta ji. Ba ta tunkare ni ba, ba ta kai ƙara wurin Inna ba. Sai dai na ga ta fara lallaɓowa ta zauna kusa da farantina tana tsince gyaɗa, idonta a kan 'yarta da ke wasa a gefena. Na gane sarai abin da take tsoro, ba barin gidan ba ne kaɗai, barin yarinyar ne. A lokacin sai na ce a raina, ashe da ma tana iyawa, sai da ta ji wuta.

Akwai wata al'ada a gidanmu da Inna ta kafa tun muna 'yan mata. A cikin Ramadan, macen da al'adarta ta zo ba ta bari a gane. Za ta ci abincinta a ɓoye a ɗaki, ta fito da busasshen baki kamar kowa, saboda kunyar maza da yara. Ba mai tambayar wata. Sai Sha'aban ya kama asiri ke tonuwa, domin a lokacin ne matan gidan suke haɗuwa su yi ramuwa tare, don kada wata ta yi sakaci har wani azumin ya riske ta. Kowa ta faɗi nata, wannan biyar, waccan bakwai, a yi ta tsokanar juna. Ni na gaji riƙe wannan al'ada daga hannun Inna, kuma na riƙe ta da ƙarfi fiye da yadda aka ba ni.

Shekarar farko 'yar Nariya ba ta yi ramuwa ba, na ce mai jego ce, wataƙila jini bai dawo ba. Shekara ta biyu ma ba ta yi ba, na ƙyale amma na ajiye a raina. Sallolinta a ɗaki take yi, kullum kuma tana kwance, don haka ba wanda ya san ranar da take salla da ranar da take fashi. A shekara ta uku, wata ranar Asabar muna tsakar gida mu duka muna gyaran gyaɗa, aka fara faɗin na bana. Da aka zagayo kanta na dube ta.

"Ke 'yar Nariya, naki nawa ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu, Yaya."

"Babu. Bara babu, bara waccan babu, bana ma babu. Ke namiji ce?"

Matar babban ƙanena ta yi 'yar dariya ta gimtse. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe.

"Mu kin ƙi yi mana aiki, mun haƙura. Allah ma sai kin yi masa ragwanci? Ki sha azumi a ɗaki ki share baki, a zo ramuwa ki ce babu. Macen da ba ta rama azumi ba ita za ta yi wa 'yarmu tarbiyya ba."

Inna tana daga bakin ƙofarta ta ce, "Ke, bar yarinyar nan haka."

Na ce, "Inna, gaskiya ce, ɗaci gare ta."

'Yar Nariya ba ta yi kuka ba. Can a hankali ta ce, "Zan yi, Yaya."

"Nawa?"

"Ko nawa kika ce."

Duk mai hankali da ya ji wannan amsar ya tsaya. Wace mace ce ba ta san yawan kwanakinta ba, sai wata ta yanka mata? Amma ni a ranar nasara nake ji. Na ce bakwai, ta ce to.

Washegari ta tashi da azumi. A makon kuwa cikinta ya ɓaci, tana ta zaryar bayan gida, na gani da idona, na ce sabon salo ne. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Ran Talata ina da mai da yawa da zan fitar, sai na ce tunda ta fara shiryuwa bari a ƙarasa. Na zaunar da ita a bakin murhu tana suyar gyaɗa, a zafin bazarar nan da ko kaza ba ta fita rana. Ta zauna tana juya kasko a hankali. Na ce mata sau biyu ta saki hannu kada ta ƙona mini gyaɗa.

Bayan azahar ina matsa a can gefe, sai na ji ƙaurin gyaɗa. Na juyo da faɗa a bakina, na gan ta ta kife a gefen murhu, bakin mayafinta a kan garwashi yana hayaƙi. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne wasan kwaikwayo take yi. Na fizge mayafin na taka shi, na kira ta ba amsa. Da na kama hannunta sai na ji shi kamar ruwan randa, ga gumi ya jiƙa ta sharkaf. Idanunta a buɗe kaɗan amma ba ta ganina. Inna ta yayyafa mata ruwa, ko motsi. Wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura da ke kai hatsi kasuwa shi ya kwashe mu, na rungume ta a baya, muka nufi asibitin Rano. Duk hanya ina kiranta, kuma a ranar ce na fara kiranta da sunanta na yanka.

A asibiti aka tsaga mata ɗan yatsa aka gwada, aka ce sukarin jikinta ya faɗi ƙasa sosai, jininta ma ya sauka. Aka sa mata ƙarin ruwa. Ta farfaɗo, amma ba ta dawo daidai ba, sai ta buɗe ido ta sake lumshewa. Can sai ga wata likita, matashiya ce, da a hanya na gan ta sai in ce 'yar makaranta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon fuskarta, ta shafa girarta, ta duba fatar hannunta. Ta ja kujera ta zauna, ta tambaye ni ni wace ce, na ce yayar mijinta. Ta dubi marar lafiyar ta ce, "Zan yi miki tambayoyin mata. Ta fita ko ta zauna?"

'Yar Nariya ta ce, "Ta zauna."

Likita ta tambayi haihuwarta ta ƙarshe, ni na amsa. Ta tambaya ko an zubar da jini, na ce sosai, har da ƙarin jini. Ta ce nono fa, na ce bai taɓa zuwa ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta san amsar tun kafin ta tambaya. Sannan ta rage murya.

"Tun bayan haihuwar nan, kin ga al'adarki?"

'Yar Nariya ta juyar da fuska bango.

"Ban ƙara gani ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"An ce da azumi a bakinki aka kawo ki. Azumin me kike yi?"

"Ramuwa."

"Ramuwar me, ke da ba ki sha ba?"

Ko kallona ba ta yi ba. Da ta nuna ni da yatsa ta ce ga wadda ta sa ni, da na fi samun sauƙi. Shekara uku tana cewa babu, kuma gaskiya take faɗa. Azumi uku ta yi cif ba ta sha ko ɗaya ba. Na buɗe baki da ƙyar na ce, "Likita, ni na sa ta."

Likita ta sa aka ɗebi jini, ta rubuta wata allura ta ce a yi yanzu-yanzu. Washegari da safe 'yar Nariya ta tashi zaune da kanta ta ce tana son koko. Rabon da in ji ta nemi abinci da bakinta har na manta.

A ranar likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani, ni da ita da ƙanena, wanda aka buga wa waya ya kamo hanya. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, kun san gayya ai. Ko ƙarti ɗari ne a gari, in ba a aika an gaya musu ba, gona haka za ta wuni ba a taɓa ta ba. To jikin mutum ma da aike yake aiki." Ta ce akwai wasu 'yan tsokoki a jiki da ba su da aiki sai sakin wasu sinadarai cikin jini, ana kiran sinadaran homon, su ne 'yan aiken. Akwai guda a maƙogwaro, inda maƙoƙo ke fitowa, ita ke hura wutar jiki, in ta yi sanyi mutum ya yi ta jin sanyi da nauyin jiki da nauyin baki. Akwai biyu a saman ƙoda, su ke tallafe mutum in ya shiga wuya, kamar yunwa ko zazzaɓi ko gudawa, su hana sukari da jini faɗuwa. Akwai na ƙwan mace, masu kawo al'ada. Duk waɗannan kuma akwai mai ba su umarni, wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ce kuma ke aika wa nono ya kawo ruwa.

Ta ce in mace tana da ciki wannan 'yar tsokar takan ƙara girma don aiki ya yi mata yawa, sai ta buƙaci jini sosai. Ranar da jinin 'yar Nariya ya tsiyaye, ita ma ta rasa nata rabon, mafi yawanta ya mutu. Nono lafiyarsa ƙalau, maƙogwaro ƙalau, mahaifa ƙalau, aike ne ya daina zuwa musu. Ta ce za ta tura mu babban asibiti a Kano a yi gwaje-gwaje a tabbatar, amma alamun sun cika.

Ni da taurin kai, har a nan sai da na nemi inda zan ɗan raɓe. Na ce, "Likita, wato babu ragwanci a ciki ko kaɗan?"

Ta ce, "Hajiya, macen da ta yi Ramadan uku da wannan jikin, ta tashi ta ɗora tukunya, ban san wanda ya kai ta ƙoƙari a gidanku ba. Wannan karon azumi ya haɗu da gudawa da zafin wuta. Da kun ƙara awa biyu a gida, da wata maganar ake yi."

Da likita ta fita na dubi ƙanena na ce shi bai san al'adarta ta ɗauke ba ne. Ya ce ya sani, amma ya ɗauka maganar mata ce, ai ta gaya mana. Mu kuma ga mu nan, mata uku a gida, ba wadda ta sani. Na juya wurinta na ce me ya hana ta faɗa.

Ta ce, "Wa zan gaya wa, Yaya? Inna surukata ce. Ke kuma ina tsoron in kin ji, a ce na daina haihuwa, a mai da ni gida tun ba a kai yanzu ba."

Ban iya ce mata ba haka ba ne, domin haka ne.

A Kano gwaji ya tabbatar da maganar likita. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi da za su tsaya a madadin aiken da ya yanke, aka ce za ta sha su kullum har ƙarshen rayuwarta, in ta yi zazzaɓi ko gudawa a ƙara ɗaya daga ciki kamar yadda aka koya mana, in amai ya hana ta sha a garzayo da ita. Aka ce kada ta yi azumi sai likita ya yarda. Ƙanena ya je wurin liman, liman ya ce addini bai ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba, a ciyar. Maganar komawa Nariya kuwa, tun a motar dawowa daga Kano na ce wa ƙanena ta mutu, kada in sake jin ta. Ya dube ni kawai, don shi da ma ba daga bakinsa ta fito ba.

A Ramadan ɗin shekarar ni nake dafa mata abincin rana da hannuna, da azumi a bakina. Wata maƙwabciya ta shigo ta gan ta tana ci, ta fara 'yan maganganu a kan matan zamani. Ban bari ta kai aya ba. Na raka ta har zaure da bayanin 'yar tsokar ƙwaƙwalwa da wasu bayanan da ba na likita ba. Inna ta ce yau dai bakin nan ya yi rana.

Cikin 'yan watanni muka ga abin mamaki. Fuskarta ta washe, murya ta dawo, mayafin rana ya tafi, gashi ya fara tsirowa. Ba ta koma kamar ranar da na gan ta a gidan biki ba, amma ta koma mutum. Sai dai likitoci sun gaya mana wata haihuwar za ta yi wuya, kuma har yau ba ta sake ba. Yarinyar nan ita kaɗai ce gare ta.

Bayan babbar salla na tattara kayan yarinyar a ƙullin zane, na kama hannunta na kai ta ɗakin uwarta. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, kamar mai da kwanon aro. Yarinya ta ga na ajiye kaya na juya, sai ta ƙanƙame ƙafata tana ihu. "Umma, kada ki bar ni. Ni ba na son ɗakinta." Ni take ce wa Umma. Uwarta ta miƙo hannu, ta maƙale a bayana kamar ta ga baƙuwa. Na ɗaga hannu zan make ta, uwar ta riƙe ni.

"Bar ta, Yaya. Kada a yi mata dole. Ba ta san ni ba ne."

Nan na durƙusa a tsakar ɗakin, ni da ban taɓa ba wa na ƙasa da ni haƙuri ba, na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ta yafe tun a asibiti. Sannan ta ce, "Ai ba ke kaɗai ba ce, Yaya. Ni ma na yarda da maganarki. Na ɗauka lalacewa na yi. Shekara uku duk sallar da na yi sai na roƙi Allah ya yafe mini ragwancina."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, har yau in na tuna sai na yi hawaye. Ban tsaya ga zaginta a tsakar gida ba, sai da na sa ta tsaya gaban Ubangijinta tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba.

An kusa shekara kafin yarinyar ta yarda ta kwana a ɗakin uwarta. Yanzu ta girma, tana makaranta, sun shaƙu, tare suke zuwa karɓo magani. Amma in ta yi tuntuɓe ko aka ɓata mata rai, har yau ɗakina take fara nufa, uwar tana kallo ta yi murmushi ta kau da kai. Ƙwayoyi sun dawo mata da ƙarfinta, amma ba su dawo mata da goyon 'yarta ba, wannan ni na cinye shi.

Abin da na koya shi ne, in mutumin da ka sani da ƙwazo ya canja, to kafin ka ce halinsa ne ya lalace, ka fara zaton jikinsa ne. Ba kowane ciwo ne ke kumbura ko ya yi zafi ba, wani a cikin jini yake, ba ya da wurin nunawa. Kunya kuma ado ce, amma ba a gaban ciwo ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni kuwa na zauna gida ɗaya da yarinyar nan shekara uku ina ƙirga mata azumi, ban taɓa jan ta ɗaki na yi mata tambayar da likita ta yi cikin minti ɗaya ba. Yanzu duk macen da na ji ta zubar da jini wurin haihuwa a unguwarmu, in an kwana biyu sai na je. In rufe ƙofa, in zauna kusa da ita, in tambaye ta a hankali, sannan in yi shiru in jira amsa, ko za ta daɗe ba ta fito ba.